Habbanayar Baffa Dabo

Talata, 1 ga Maris, 2016

Khalifa mai sayar da fetur a galan ya dawo daga Gusau da wani wasa a wayarsa. Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakin kowa, sai muka raɗa masa Gonar Waya. Ana ba ka fili, ka shuka, ka yi ban ruwa, ka girbe, ka ba kaji da shanu abinci, ka tatsi nono. Can sai mota ta zo ta tsaya da agogo a kanta, in ba ka cika mata kaya ba kafin lokaci ya ƙare ta yi gaba abinta. Abin da ka sayar a ba ka tsabar zinarin ƙarya, ka sayi wani abin.

Na karɓa, na fara tura wa masu kawo cajin waya rumfata. Kyauta tukuna. Wasan shan batir gare shi, wanda ya kamu kuwa ai wurina zai dawo.

Asabar, 5 ga Maris

Gummi ta rabu biyu a kan wasa. Samarin tasha sun ce na mata ne, ba bindiga ba ƙwallo. Malam Maharazu, wanda ya tsufa a noman shinkafa a fadama, ya leƙa tawa ya yamutsa fuska. Wai wace irin gona ce ba ambaliya, ba tsuntsayen jan-baki, ba neman taki, shinkafa ta nuna kafin mutum ya shanye shayinsa. Ya ce wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Da la'asar ya dawo a sace ya ce in sa masa, wai don jikokinsa. Jikokinsa suna Anka.

Masu cewa na mata ne su ma na gan su, an duƙufa a kan babur ana tsintar ƙwai.

Litinin, 7 ga Maris

Yau ma Baffa Dabo ya wuni a bencina. Ba shi da waya, ba ya sayen komai, inuwa kawai yake sha. Mutumin da a da in garkensa zai ƙetare hanya a bayan Nasarawa Burkullu sai motoci sun kashe inji sun jira. Bara da kaka ɓarayin shanu suka share rugarsa, ko maraƙi ba su bar masa ba. Yanzu yana gidan 'yarsa Luba, mijinta ke ciyar da shi. Ya rame, riga ta yi masa yawa. Sandar dai tana nan, ban san abin da yake korawa da ita ba.

Kowa tausayinsa yake ji. Ni ban ji ba, kuma nan kaɗai zan iya faɗa. Ina aji huɗu shanunsa suka shiga fadamar Baba, shinkafa ta isa yanka, suka bar mana tattaka. Aka je gaban manya, shi ya zo da farar riga da 'yan rakiya, Baba ya zo da faso a ƙafa. Aka ce a yi haƙuri, zaman tare ne. Shekarar nan har tuwon dusa muka ci. Duniya juyi-juyi, kwaɗo ya faɗa ruwan zafi.

Alhamis, 10 ga Maris

Ina ba shanuna abinci saniya ta yi kuka a wayar. Baffa Dabo ya zabura kamar an kira sunansa. Ya leƙo, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce,

“Muttaka, wagga wace irin nagge ta? Ba ƙaho, ba tozo.”

Na ce ta Turawa ce. Ya ce Allah shi sawwaƙe. Amma bai ɗauke ido ba.

Akwai wata waya mai fasasshen gilashi da wani ya bari tun bara bai dawo ba. Na sa wasan a kai, na buɗe masa gona, na miƙa masa. Na ce ga garke nan, Ardo, a je kiwo. Khalifa ya yi dariya har ya kusa kifar da galan. Yatsun tsohon sun bushe, sai ya danna wuri uku lokaci guda, ya ɗago ya dube ni ko ya yi ɓarna.

Lahadi, 13 ga Maris

Ya iya, amma irin tasa iyawar.

Mota ta zo ta tsaya, agogo na ja, mu muna ihu ya cika mata kaya, shi ko a jikinsa. Wai mai mota ya jira, bisashe ba su sha ruwa ba. Kaji ba ya kula su. Shuka kuwa sai abin da shanu za su ci. Wasan kansa yana ta nuna masa ya sayar da saniya ya gina injin niƙa ya haura mataki, na fassara masa, ya dube ni kamar na ce ya sayar da Luba.

Shanun duk kamanninsu ɗaya, baƙi da fari, hoto guda aka maimaita. Shi ya raɗa musu suna da Fillanci, wai yana gane kowace da inda take son tsayawa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne in an tatsa sai a ƙwalƙwale duka, ba a rage wa maraƙi. Ya ce masu wannan gona ba su da imani.

Ni da Khalifa muna tseren mataki, tsoho yana can ƙasa da tulin shanu.

Juma'a, 18 ga Maris

Ranar kasuwa. Abin nema ya samu.

Rumfa ta cika da 'yan ƙauye, sai wata dabara ta zo mini. Na ce Baffa, ai wayar tana ji, in ka kira su da baki sun fi saurin zuwa wurin ruwa. Ya dube ni da shakka. Na ce wallahi. Allah ya yafe mini wallahin nan, a kan wasa ne.

Ya miƙe tsaye, ya sa sanda a kafaɗa, ya yi kiran nan na makiyaya, mai tsawo, wanda ake ji daga wancan ƙetaren gulbi. Ni kuma ta ƙasa na danna kwamin ruwa, shanu suka taho. Kasuwa ta ɗauki dariya. Ya sake. A karo na uku muryar ta karye a tsakiya, ya tsaya yana tari, ya zauna. Wasu sun ɗauka a bidiyo. Na karɓa na ajiye, duk wanda ya zo caji ina haɗa masa da shi.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Na daɗe ban ji daɗin yini irin na yau ba.

Litinin, 21 ga Maris

Sai da na ƙara jona wasu soket. Rabin masu zuwa don kallon Ardon Waya suke zuwa.

Laraba, 23 ga Maris

Bidiyon ya kai cikin gida. Inna ta gani a wayar maƙwabciya, ta aiko a kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi faɗa ciwo. Ta ce shanun da suka ci shinkafar, yaransa ne suka yi barci, shi yana Bukkuyum ranar. Ta ce bayan nan shekara nawa yana zaunar da garkensa a gonarmu ta tudu da rani don taki, bai karɓi ko ƙwayar gero ba.

Na ce taki ba ya zama tuwo a shekarar da ake jin yunwa.

“Wanda anka yi ma laihi ya yahe, ya tahi kushewa,” in ji ta. “Kai mi ka ka nema?”

Na tashi na fita. Mata akwai saurin mantuwa. Ni na ga Baba yana tsintar zangarniya a cikin sawun kofato, ita tana gida.

Alhamis, 24 ga Maris

Na gano wani abu. In na karɓe wayar na ce batir ya mutu alhali shanun na kukan yunwa, ba ya iya zama. Sai ya yi ta zagaya rumfar yana tambaya ko ta ɗauka. Yau na bar shi tun azahar har la'asar, wayar tana cike a aljihuna.

Talata, 29 ga Maris

Wasan yana da wurin aika wa maƙwabci kyauta in akwai sabis. Ni na nuna masa, don ya riƙa turo mini ciyawa. Yau da safe, ba kowa a rumfar, ya ce in kai shi wurin. Ya zaɓi wata karsana, ya daɗe da yatsa a kanta, ya turo gonata.

Na ce na gode da kyauta. Ya ce ba kyauta ba ce, habbanaya ce. Na san kalmar sama-sama, ya zauna ya warware mini. In Bafillace ya yarda da mutum sai ya ba shi aron karsana. Ka riƙe ta, ka sha nononta, ta yi maka haihuwa uku, 'ya'yan naka ne, sannan ka mayar da uwar. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko yunwa za ta kashe ka. An fi tattalinta a kan naka na kanka. Wai da ita talaka ke kafa garke, da ita kuma wanda masifa ta share ke tashi.

Na ce Baffa, ka san dai hoto ne ko?

“Na san hoto na, ɗana. Ban haukace ba. Amma kai ɗai kab ba ni abin kiwo tun da niz zaka garin ga.”

Ashe ya sani. To kiran da ya yi a kasuwa fa? Ban tambaya ba. Na ce masa za a kula da ita, ya yi mini addu'a mai tsawo, na yi ta amin ina duba ko Khalifa ya iso in ba shi labari.

Asabar, 2 ga Afrilu

Khalifa ya haura ni da mataki ɗaya, ya cika kasuwa da baki. Injin niƙa nake bukata, zinarina bai kai ba. Karsanar tsoho ta yi ƙiba, farashinta ya fi na sauran. Na sayar. Inji ya tashi, na kamo Khalifa kafin azahar.

Tsoho ya tambaye ni lafiyarta, na ce tana kiwo a bayan gona, inda gilashi bai kai ba.

Laraba, 6 ga Afrilu

Luba ta zo da kanta, da ƙwarya a lulluɓe, fura da nono. Ta tsaya daga gefe ta gaishe ni da ladabi har na ji wani iri. Ta ce tun da aka kwashe shanun mahaifinta ba ya cin abinci sai an yi da gaske, ba ya magana, wani lokaci sai a same shi a zaure yana kallon bango. Yanzu da asuba yake neman koko, wai zai fita, bisashe na jira. Ya fara yi wa jikokinsa wasa. Ta ce ta ga bidiyon, ta yi kuka, amma in dai zai ci abinci a yi ta dariyar.

“Don Allah kak ka raba shi da wayar ga, Malam Muttaka. Ita ɗai ta riƙe shi.”

Na ce haba, ai Baffa ubana ne. Furar ta yi daɗi, ba tsami. Ni da Khalifa muka shanye.

Lahadi, 10 ga Afrilu

Wasan ya fara gundurar mutane. Malam Maharazu ya goge nasa, wai ya tashi sallar asuba ya tarar da kansa yana tunanin mota za ta tafi ba kaya, ya ce abin da ya shiga tsakaninsa da alwala ba wasa ba ne, bauta ce. Samarin tasha sun koma ƙwallo. Wasu na ƙorafin in ka yi nisa komai sai ya daɗe bai nuna ba, wai so ake ka sa kati. Wata malamar asibiti ta ce ita da ta gama aikin gida ta zo ta tarar da wani aikin gidan a waya.

Saura ni, da Khalifa, da tsoho. Mu biyu don kada ɗaya ya ce ya fi. Shi kuwa bai ma san ana tsere ba.

'Yan kallo ma sun ragu. Kiran shanu ya tsufa, kowa ya gani.

Alhamis, 14 ga Afrilu

Zafi kamar a tanda, janareta na ta shaƙewa, raina a ɓace. Tsoho yana gefe yana shafa gilashi, sai ya ɗauko zancen Baba, ba wanda ya tambaye shi. Wai abokinsa ne. Wai mutumin kirki ne, bai taɓa riƙe shi a zuci ba.

Bai taɓa riƙe shi a zuci ba. Shi ya shiga zucin? Talaka in ya yi shiru sai a ce ya yafe. Na ƙi jininsa yau kamar ina aji huɗu. Ya ci shinkafar, ya ci shari'ar, yanzu zai ci har da shirun Baba.

Gobe kasuwa. Na gaya wa Khalifa abin da zan yi. Ya ce anya? Na ce in tsoro yake ji ya zauna wurin galan ɗinsa.

Juma'a, 15 ga Afrilu

Zan rubuta yadda aka yi, daki-daki.

Na riga kowa fitowa. Na buɗe fasasshiyar wayar na sayar da shanunsa ɗaya bayan ɗaya, har maruƙan. Zinarin na zuba shi a fitilun ado da wani gunkin zakara, don kada a ce a sayo wasu. Garke ya zama fili, sai kwami cike da ruwa. Sannan na baza magana a tasha cewa yau akwai sabon kallo.

Da hantsi ya iso. Rumfa ta cika har bakin hanya, an ɗaga wayoyi. Na haɗe fuska na ce Baffa, sai haƙuri, ɓarayi sun shigo waya, sun kore garken kaf. Na miƙa masa.

Ya duba. Ya ja hoton hagu, ya ja dama, ya leƙa bayan rumbu. Wani ya ce a bi sawu, wani ya ce a kira 'yan banga, aka fashe da dariya. Shi bai ɗago ba. Ya ɗora wayar a gwiwa. Na jira ya yi kuka ko ya ɗaga sanda, ko wanne ya yi bidiyo ya samu. Bai yi ko ɗaya ba. Ya share fuska da hannun riga, ya juyo wurina, wallahi har da ɗan murmushi.

“Ba komi. Allah ya sa akwai wadda ag gare ka. Maido min ita, Muttaka, ko ba ta gama haihuwa ba. Da ita za mu tashi.”

Ban shirya wa wannan ba, na ma manta da ita. Mutane suna kallona. Da na so sai in sayi wata a kasuwar wasan in tura masa, duk kamanninsu ɗaya. Na yi tunanin haka, ba zan ce ban yi ba. Amma an taru, an ɗaga wayoyi, ga maganar jiya tana ci na. Na ɗaga tawa wayar sama na nuna wa kowa injin niƙa yana juyawa. Na ce ga habbanayarka nan, Ardo, tana niƙa gari yau mako biyu ke nan.

Wasu sun yi dariya, samarin gari. 'Yan ruga da suka shigo cin kasuwa ba wanda ya motsa baki. Wani dattijo a cikinsu ya tofar da yawu ya juya.

Tsoho ya miƙe a hankali, ya ajiye wayar a kan tebur, ya daidaita ta kusa da sauran kamar wanda ya kawo caji. Ya ce a cikin shanunsa na gaske da ɓarayi suka kora akwai habbanayar mutum biyu, na maƙwabtansa na ruga. Ba rashin nasa ne ya kawo shi Gummi ba, idon mutanen nan ne bai iya kallo.

“Ni da bindiga anka raba ni da amanar mutane, kunya tah hana ni komawa gida. Kai da hannunka kas saida, kana nuna ma kasuwa.”

Ya ɗauki sandarsa. Aka buɗa masa hanya. Khalifa ya ce ya bar galan ba kowa, ya sulale.

Caji dai an yi sosai yau.

Asabar, 16 ga Afrilu

Bai zo ba. Benci ya huta.

Talata, 19 ga Afrilu

Ba wanda ya nemi sabon bidiyon. Na ba wani kyauta ya ce wayarsa ta cika. Fulanin da ke kawo mini caji sun koma rumfar bakin tasha, su suka sani, janaretan can ƙona batir yake yi.

Inna tana amsa gaisuwata da kalma ɗaya. Tuwo dai ana aiko mini.

Hoto ne fa. Shi da bakinsa ya ce ya san hoto ne. Sai ka ce na yanka saniyar gaske.

Juma'a, 22 ga Afrilu

Na bi ta kara, wurin masu sayar da shanu, neman wani mai gyaran janareta. Na hango shi a tsugune a jikin shinge, yana kallon shanun mutane. Bai gan ni ba, ko ya gan ni, oho. Na canza hanya don rana ta fi zafi ta can.

Litinin, 25 ga Afrilu

Luba ta zo karɓar ƙwaryarta. Na wanke ta tun tuni, na miƙa mata. Na ce yaya Baffa. Ta ce ya koma kallon bango, kokon safe ma sai a ɗauke shi yadda aka ajiye. Na ce ta kai masa wayar, na bar masa ita, zan sa masa wasu shanun, sun fi na da yawa.

Ta dube ni, ba ta ce komai a kan wayar ba. Ta ce furar da ta kawo mini, nonon saye ta yi a kasuwa, karo na farko a rayuwarta da ta sayi nono. Ta ɗora ƙwaryar a ka ta tafi.

Me ya kawo wannan zancen? Ni na ce ta kawo?

Asabar, 30 ga Afrilu

Khalifa ya ba ni ratar mataki biyu. Ya zo yana tsiya, na ce wasan yara ne, na gaji da shi. Shi ma bai daɗe ba, dariyar tasa ba ta da gishiri.

Laraba, 4 ga Mayu

Mijin Luba ya kawo caji, shi ya gaya mini. Tsoho ya tafi tun Litinin. Ya ce zai koma ruga ya tsaya gaban masu habbanayar nan biyu ya ba su haƙuri da bakinsa, in ya so ya yi musu kiwo har ƙarfinsa ya ƙare. An hana shi, an ce dajin bai kwanta ba, mutanen can ma rabi sun watse, ga shi ko tafiyar zaure zuwa masallaci sai ya huta. Ya ce ya ga abin da mutum ke zama in ya saba da rashin kunya, ba ya so ya mutu a haka. Ya hau motar Bukkuyum da sandarsa da buta.

Mijin Luba bai ce da ni tsohon yake ba. Na cika masa batir, na ce ya bar kuɗin, ya ajiye a kan tebur ya tafi.

Lahadi, 8 ga Mayu

Ba labari. Can ba sabis.

Litinin, 16 ga Mayu

An yi ruwan farko jiya, kowa ya tafi gona, rumfa ba kowa. Wasan ma ban san wanda ya rage yana yi a garin nan ba.

Na rushe injin niƙan. Ƙararsa ke damuna. Da abin da aka ba ni na sayi karsana, na ciyar da ita ta yi ƙiba, tun makon jiya na tura ta gonar tsoho. Ba don komai ba, wuri take cinye mini. Sai dai wasan ba ya shigar da kyauta sai mai gona ya danna ya karɓa, in an kwana biyu ba a karɓa ba ta dawo wa mai ita. Fasasshiyar wayar tana cikin durowata, a cike. Dannawa ɗaya ce. Na ɗauko ta ya fi a ƙirga, yatsan ya ƙi. Gonar ba tawa ba ce.

Wani mai gyara ya zo yana neman tsofaffin wayoyi na cire kaya, ya gan ta, na ce ta lalace. Ya ce ai lalatattu yake saye. Na ce to wannan da mai ita.

Na tambayi direbobin Bukkuyum, don dai zance, ba wanda ya gan shi tun ranar da aka sauke shi.

Da azahar karsanar ta sake dawowa. Na ba ta ruwa, na sake turawa.